Man Kaɗe a Hannun Latifatu

Nyohini, Tamale
4 ga Mayu

Zuwa ga Farhana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya gaji da cin tuwo shi kaɗai. Yaya ƙarfin jiki, yaya wankan jego? Jaririnmu Tahidu ya fara bari ki runtsa kuwa? Ki durƙusa mini gaban Hajiyarki ki ce ina gaishe ta da ɗawainiya, Allah ya saka mata da alheri. Ki gaida mutanen Salaga duka, musamman maƙwabciyar nan da ta ce yaron hancina ya ɗauko. Allah ya ba ta ladan faɗin gaskiya.

Tunda kin ce saƙon muryata yana tashin yaro daga barci, ga shi na koma takarda. Sayibu direba zai kawo miki ita tare da sabulu da dabinon Hajiya.

Kin tambayi abin da ke hana ni zuwa kowace Asabar. Yaran kulob ɗin kimiyya ne. A ƙarshen watan nan za a yi gasar ƙananan jiragen sama tsakanin makarantun Tamale, kuma mun shiga. Kada ki ɗauka irin jirgin takardar da yara ke wurgi da shi ne. Wannan da wani katako ake yin sa wai shi balsa, wanda ya fi ɓargon kara rashin nauyi, a lulluɓe fukafukan da leda mai sirantaka har kina ganin zanen tafinki ta cikinta. Gaba ɗayansa bai fi biro nauyi ba. Babu batir, babu inji. Wata doguwar roba ce a ƙarƙashinsa, a murɗa ta a murɗa, idan aka saki tana warwarewa a hankali tana juya farfela. A cikin ɗaki ake tashinsa, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka. Kuma ba wanda ya fi gudu ke ci ba, wanda ya fi daɗewa a sama ne. Farhana, da kin ga yadda yake zagaye ɗaki shiru, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci, da kin yafe mini Asabar ɗin nan.

Mutum biyu ake so daga kowace makaranta. Ɗaya Ziblim ne, ɗan bakaniken babur ɗin nan na bakin titinmu, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ɗayar Latifatu, kin san ta, siririyar yarinyar nan 'yar unguwar Kukuo da ta kawo mana ƙwan zabi ranar suna ta kasa ɗago kai ta gaishe ki. Ita ta ƙera jirgin. Tun shigarta kulob ita ke yanka, ita ke manne, amma idan lokacin tashi ya yi sai ta miƙa wa wani ta koma baya. Bana ce shekararta ta ƙarshe a wurinmu. Rannan bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta ce mini tana son a wannan karon hannunta ne zai saki jirgin. Mahaifiyarta tana Accra tana dakon kaya a kasuwa, an daɗe ba ta zo gida ba. Latifatu ta ji cewa masu shirya gasa suna ɗaukar bidiyon kowane yaro lokacin da yake saki, shi ne ta yi wa uwar alkawarin za ta aika mata ta gani. Na ce mata an gama, Ziblim ya riƙe wutsiya, ita ta murɗa ta saki. Ziblim ya ce shi dama aikinsa surutu ne, Injiniya ta yi abinta. Haka yake kiranta.

Matsalarmu ta farko wurin gwaji ce. Rufin ajinmu gajere ne, jirgin yana tashi sai ya daki silin. Kakar Latifatu ce ta fitar da mu, Mma Maltiti, wadda yarinyar ke hannunta. Tana cikin ƙungiyar matan da ke yin man kaɗe a Kukuo, kuma suna da wani babban sito mai dogon rufi da ke zaune babu komai har sai sabuwar kaɗanya ta shigo. Ta je ta tsaya wa shugabarsu har aka ba ta mabuɗi. Yanzu kowace Asabar tana zuwa ta buɗe mana, ta zauna a bakin ƙofa ta ciki. Idonta ya fara rauni, sai jirgin ya zo kusa take ganinsa, amma duk zuwan da zai yi sai ta ce da shi sannu da aiki. Ni kuma Chicha take kirana, wato ticha. Zafin cikin siton ba a magana, muna fitowa kamar an tsamo mu daga rijiya, amma ko sau ɗaya ba ta fita shan iska ba.

Robar ce abin lallaɓawa. Ba a samun irinta a nan, daga Accra aka aiko mana da ƙyar, kuma zafi yana kashe ta. Na ba Latifatu ta adana a gwangwani a gindin randar kakarta, inda ke da sanyi.

Ki shafa mini kan yaro. Ki ci abinci, kada ki ce ba kya jin yunwa.

Mijinki,
Basit


Nyohini, Tamale
18 ga Mayu

Farhana,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Tahidu da Hajiya da kowa na gidan. Yajin da kika ba Sayibu ya iso, na gode, har na yi baƙi a kansa. Na ji daɗin labarin cibiyar yaro ta warke sarai.

Ni kam makon nan bai yi mini daɗi ba. Jiya a sito Latifatu tana murɗa roba, ko rabin abin da ta saba ba ta kai ba, sai ji muka yi tas! Robar ta tsinke, ta dawo ta karya wutsiyar jirgin. Muka ɗauko ta biyu, ita ma haka. Ta uku a hannuna ta rabu biyu da na ɗan ja ta. Duk wadda muka ciro daga gwangwanin ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Na tambayi Latifatu me ya faru, ta sunkuyar da kai ta ce ita ce ta manta gwangwanin a rana. Ziblim ya hau ta da faɗa, ya ce wata uku yana gasuwa a siton nan kamar masara, ashe da mai mantuwa yake aiki, in canza masa abokin gasa. Latifatu ta durƙusa. Ta tattara gutsattsarin wutsiyar a tafin hannunta. Sa'ar da muka yi, tsohuwar ba ta nan, ta buɗe mana ta wuce gidan suna.

Amma hancina ya riga ya faɗa mini ba rana ba ce. Na shinshina yatsuna, ƙanshin man kaɗe. Akwai wani mai na musamman da muke shafa wa robar don ta yi santsi, shi ba ya cutar da ita. Man kaɗe kuwa, da na gyaɗa, da duk danginsu, shiga cikin roba suke su narkar da ƙarfinta. Wannan na koya wa yaran tun farko, kuma Latifatu ba mai mance darasi ba ce.

Da la'asar na hau babur na je Kukuo. Ban ma buɗe baki ba Mma Maltiti ta ba ni labarin da kanta, fuskarta cike da fara'a, da Hausarta ta kasuwa. Wai ta buɗe gwangwanin ta taɓa robobin ta ji sun bushe ƙamas, ta ce ina, abin da zai ɗaga jikarta sama ba za a bar shi da ƙishi ba. Ta ɗebo mai daga wanda ta ware don kanta, farin nan na farkon tukunya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa tana addu'a. Ta ce, "Chicha, ni bai san boko ba. Latifatu ya kawo takarda, ni bai iya duba. Amma mai, na san shi." Ta ce duk matan ƙungiya sun ji cewa ita ma da hannunta a jirgin nan.

Kin san yadda man kaɗe yake a wurinsu. Kaushin ƙafa shi, fatar ganga shi, jikin jariri shi, ke ma shi kike shafa wa Tahidu. A duniyarta babu abin da man nan ya taɓa ɓatawa.

Latifatu tana tsaye a bayanta da tsintsiya, tana kallona tana girgiza kai a hankali. Farhana, na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa ganin roƙo irin wanda ke cikin idon yarinyar nan ba. Sai na ce wa tsohuwar Allah ya saka da alheri, na sha ruwan da ta ba ni, na taso. Latifatu ta rako ni bakin hanya ta ce don Allah kada in faɗa wa kowa, har Ziblim, domin bakinsa ba shi da murfi. Ta ce tunda idon kakarta ya fara mutuwa aka daina tafiya da ita daji tsintar kaɗanya, kullum cewa take ta zama kaya. Ranar da ta shafa man nan har waƙa ta yi.

Abin da ya rage mana shi ne ɗan guntun robar da na ajiye a firij ɗinmu, bayan kwanon kifinki. Zai fitar da zobe biyu, wato robar tashi biyu, ba ƙari. Ba sauran gwaji ke nan, sai ranar gasa. Latifatu ta ɗauki jirgin za ta sake masa wutsiya. Ziblim ya daina kiranta Injiniya, ya daina ma yi mata magana, ni kuma an ɗaure mini baki.

Ki sa mu a addu'a. Ki faɗa mini gaskiya, da ke ce a wurina, da kin gaya wa tsohuwar?

Naki,
Basit


Nyohini, Tamale
31 ga Mayu

Maman Tahidu,

Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. A gaida Hajiya, a ce mata na ji saƙonta, kuma ba ramewa na yi ba, hoton ne. Amsarki ma na gani. Kin ce da ke ce da kin faɗa wa kakar Latifatu a hankali tun ranar. Da na bi maganarki.

Yau aka yi gasar, yanzu na dawo, ko riga ban cire ba. A babban zauren wata kwaleji aka yi, an rufe tagogi, an kashe fankoki, mutane suna ta fifita da takarda alƙalai suna hana su. An ja igiya a tsakiya. Dokar ita ce da zarar an kira makaranta, malami ba ya tsallake igiyar kuma ba ya magana, yaran kuma ana ba su ɗan lokaci ƙayyadadde su murɗa su saki, in ya wuce sun faɗi. Jiragen wasu sun daki bango, wani ya maƙale a ƙarfen rufi har yanzu yana can. Latifatu ta zo da kayan makaranta a goge, da sabon hijabi. Wutsiyar da ta sake ta fi ta farko kyau.

Mma Maltiti ta zo a yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, da mata biyu na ƙungiyarsu, ta sha zanen fita. Na ba su kujera kusa da ni. Aka kira sunan makarantarmu, yaran suka shiga, agogo ya fara tafiya. Ina kallon Latifatu tana ciro robar daga leda, ban ankara ba sai na ga kujerar gefena babu kowa. Tsohuwar ta ɗaga igiya ta shige, tana takawa a hankali, tana kwance bakin zaninta. Wani ɗan ƙaramin gwangwani ta ciro. Alƙalin da ke kusa saurayi ne, ya buɗe baki zai hana ta, ya dubi furfurarta, ya ƙyale ta. Ni kuwa in na yi magana an kore mu.

Ta isa, ta lakato man a yatsa, ta miƙa hannu wajen robar.

Ban san me na zaci Latifatu za ta yi ba. Ina jin na zaci za ta janye robar ta ce Kaka bari. Sai ta miƙa wa Ziblim robar da jirgin, ta durƙusa, ta buɗe wa kakarta tafukanta biyu. Zauren shiru ne, kowa ya ji abin da ta faɗa da yarensu na Dagbanci: wai robar ta ƙoshi tun wancan karon, hannunta ne ke rawa, shi za a shafa wa. Tsohuwar ta yi dariya ta kama hannayen ta mulke su, gaba da baya, har tsakanin yatsu, tana addu'a.

Farhana, kin gane abin da hakan ke nufi. Hannun da ya sha man kaɗe ba zai taɓa robar ba, ba zai taɓa ledar fiffiken ba. Famfo yana waje, agogo yana tafiya, kuma ko da famfon yana gabanta, ba za ta wanke albarkar kakarta a kan idonta ba. Da ta miƙe, sai ta ce da Ziblim shi zai murɗa, shi zai saki.

Na ga fuskar yaron nan lokacin da ya dubi gwangwanin, ya dubi hannun Latifatu, ya gane komai a lokaci guda. Ya maƙala robar a ƙugiyar tebur yana murɗawa, ita tana tsaye a gefensa, hannayenta a ɗage nesa da jiki suna ƙyalli, tana ƙirga masa a hankali, tana ce masa matso, dakata, ya isa. Ya durƙusa ya saki. Ya ɗan karkata shi wajen sakin, domin bai saba ba, jirgin ya yi ƙasa kamar zai taɓa siminti, sannan ya ɗago. Ya hau yana zagaye, yana zagaye, har kusa da rufi, ya daɗe a can, ya sauko a hankali ya zauna a kan ƙafafunsa. Minti biyu saura kaɗan. Matan Kukuo suka rangaɗa guɗa, alƙalai suna ta ɗaga hannu a yi shiru.

Mun zo na uku. Na ɗaya da na biyu ne za su wuce zagaye na gaba, mu namu ya ƙare a nan. Mai bidiyo ya ɗauki Ziblim tun daga murɗi har saki. Latifatu gefen hijabinta kawai ya fito.

A waje Ziblim ya je ya tsaya gabanta yana sosa ƙeya, ya ce, "Injiniya, da kin faɗa mini ai da na rufe bakina." Ta ce masa, "Kai? Da wane murfin?" Suka yi dariya, amma da ta juya na ga tana share ido da gwiwar hannu, domin tafin ba ya taɓuwa. Tsohuwar kuma tana cikin yalo-yalo tana ba direba labari.

Na kasa cin abinci. Ina alfahari da yarinyar nan, kuma zuciyata tana ciwo, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mijinki,
Basit


Nyohini, Tamale
5 ga Yuni

Farhana tawa,

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ki, da ɗan saurayina, da Hajiya. Allah ya sa zazzaɓin da kika ce Hajiya ta yi ya sauka. An yi ruwa a nan shekaranjiya, gari ya yi sanyi.

Jiya bayan an tashi daga makaranta Ziblim ya zo ya ce Mma Maltiti tana kirana a sito, in zo da jirgin da sauran robar. Na tarar an fara jibge buhunan sabuwar kaɗanya a bakin ƙofa, washegari za a cika wurin. Tsohuwar tana zaune a ciki da bokitin ruwa da sabulun salo, Latifatu na tsaye idanunta sun kumbura.

Ashe tun daren gasar ta tsare yarinyar. Ta ce idonta ne ya mutu, ba kanta ba. Wata da watanni tana jin hannuna zai saki, hannuna zai saki, to me ya sa ɗan bakanike ya saki? Latifatu ta yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ta faɗa mata duka, har da robobin farko. Kwana biyu tsohuwar ba ta fita ba, ba ta je wurin aikin mai ba.

Ni ma ban tsira ba. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Chicha, kai ma ka sani, ka sha ruwa na, ka yi shiru. Ni tsoho ne, ni ba yaro ba ne." Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, ba don wannan ta kira ni ba.

Ta jawo Latifatu ta kama hannayenta ta sa a bokiti. Kin san man ya fita tun ranar Asabar, amma muka bar ta ta wanke. Ta saɓa su da sabulu, gaba da baya, har ƙarƙashin farce. Sannan ta ce Ziblim ya zuba ruwan ɗauraya, domin nata hannun ko an shekara ana wankewa mai ba zai bar shi ba. Latifatu ta kai hannu za ta goge a zanin kakar, tsohuwar ta buge mata gwiwar hannu ta ce zanin ma mai ne, ta yarfa su a iska. Daga nan tsohuwar ta koma can nesa ta hau kan buhu, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

Ziblim ya rufe ƙofa ya riƙe wutsiya. Na ciro waya na fara ɗauka. Latifatu ta murɗa zoben ƙarshe da ya rage mana, ta durƙusa a tsakiyar siton, ta yi bisimilla, ta buɗe yatsunta. Jirgin ya tashi sumul, bai karkata ba. A can sama ya ɗan goga katakon rufi, ya faɗo kaɗan, ya gyara zamansa ya ci gaba. Ban san tsawon lokacin da ya yi ba, babu wanda ya tuna da agogo. Duk zagayen da zai yi ta gaban tsohuwar tana binsa da kai, bakinta a rufe, ko numfashin kirki ba ta yi. Da ya sauka a kan buhunan, sai muka ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Chicha, na iya motsi yanzu?"

Na ce ta motsa. Guɗar da ta yi sai da matan da ke sauke kaya a waje suka leƙo.

A nan take muka tura wa mahaifiyar Latifatu bidiyon. Hasken siton ba shi da kyau, amma fuskar yarinyar ta fito, yatsunta ma sun fito.

Ki ce wa Hajiya ta sa tuwo da ni ranar Asabar. Motar farko zan biyo.

Mijinki mai kewarki,
Basit